Sabon Mawaƙi da Kunnen da Zai Faɗa Masa Gaskiya

A damanar da ta wuce wani tsohon ɗalibina, wanda na koya wa Hausa a kwaleji a Maraɗi, ya aiko mini da waƙa ta WhatsApp. Tela ne yanzu a bakin kasuwa. Daga kuɗin ɗinkin salla ya ware abin da ya kai wa mai situdiyo, aka ɗora masa kiɗan fiyano, aka gyara masa murya da na'ura. A ƙarƙashin waƙar ya rubuta: "Mushe, a saurara a ba ni shawara." Na saurara sau ɗaya ina shirin fita, na amsa masa da abin da kowa ke amsawa, wato madalla, Allah ya ƙara basira. Sai da dare, da na sake saurare a natse, na gane cewa na cuce shi. Waƙar tana da rauni a gindinta, raunin da malamin Hausa ya kamata ya riga kowa ji, kuma ni da aka tambaya na biya shi da addu'a.

Kashegari na leƙa inda ya saka waƙar a Facebook. Mutum fiye da arba'in sun tofa albarkacin bakinsu. Mafi yawa addu'a ce irin tawa, wasu sun liƙa hoton wuta, wasu sun ce sai kai, wasu sun ce Kano na jiransa. Mutum ɗaya tak ya ce kiɗan ya danne muryar, ba ya jin kalmomin. Nan take aka yi masa ca, aka kira shi mahassadi, aka tambaye shi ina tasa waƙar. Shi kuwa mai waƙar ya bi kowace addu'a da amin, ya tsallake wannan mutum ɗaya.

Abin da nake son in yi tsokaci a kansa ke nan. Yaron da ke waƙa don sha'awa a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ba ya rasa masu sauraro a yau. Wayar da ke aljihunsa tana iya kai muryarsa Jidda da Kumasi kafin a kira la'asar. Abin da yake wuyar samu shi ne mutumin da zai ce masa: a nan ka yi daidai, a nan ka kauce, ga kuma dalili. Ina ganin akwai dalilin da ya sa irin wannan mutum ya yi ƙaranci daidai lokacin da masu magana suka yi yawa, kuma mu malamai da ƙungiyoyin al'adu muna da hannu a ciki.

A tsarin kiɗan Hausa na gargajiya ba a ware wani mutum an ce aikinsa sharhi. Gyaran yana cikin aikin kansa. Yaro yakan fara da ɗaukar kayan kiɗa, ya koma amshi, ya shekara da shekaru yana karɓar abin da jagora ya yanke kafin a bar shi ya buɗe baki shi kaɗai. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a gidan mahaifinsa ya tashi cikin sana'ar, ya yi amshi, ya riƙe muƙamin daudun kiɗa kafin ya zama jagora. Wanda ya bi wannan hanya ya sha gyara sau dubu tun bai san ana gyara shi ba. Bayan ya zama jagora ma gyaran ba ya ƙarewa, domin ƴan amshi su ne alƙalansa na farko. Idan ya kawo sabon gindin waƙa da bai zauna a baki ba, za su yi tuntuɓe a kansa, kalangu ya bar su a baya, shi da kansa ya ji cewa akwai gaɓar da ta yi yawa ko ta gaza. Ba sai sun ce masa kome ba. Sa'an nan ga taron biki, wanda hukuncinsa ba ya da kunya: ko mata su miƙe su shiga fili, ko su ci gaba da hirarsu. Ga kuma ubangida, wanda kyautarsa ta bana idan ta gaza ta bara, makaɗi ya san akwai magana.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan alƙalai akwai abin da za su yi asara idan waƙar ta lalace. Ɗan amshi zai ji kunya a gaban jama'a, rabonsa kuma ya ragu. Mai biki ya kashe kuɗinsa. Ubangida sunansa ne ke cikin waƙar. Shi ya sa ba su iya sayen zaman lafiya da yabon ƙarya.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kukan zamanin da ya wuce ne. Tsarin nan yana da nasa zalunci. Gado ne ya fi yawa a cikinsa, wanda ba ɗan gida ba da wuya ya sami ƙofa, kuma akwai masu basira da suka tsufa suna amshi saboda jagora ya ƙi sakin su. Mamman Shata, da ya rasu a 1999, bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ba. A dandali da kasuwanni ya gwada muryarsa yana saurayi mai talla. Amma ko shi, jama'ar da ta gwada shi tana tsaye a gabansa, yana ganin wanda ya tsaya da wanda ya wuce. Ɗalibina tela ya fi kama da Shata a wannan fuska, ba shi da gidan kiɗa a bayansa, sai dai dandalinsa babu fuska ko ɗaya da zai duba.

A ƙasarmu an taɓa gwada wata hanya ta tsakiya. A zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya suna shirya waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, a yi takara daga unguwa zuwa gari har zuwa bikin matasa na ƙasa. A 1987 aka fara gasar Ɗan Gurmu ta kiɗan zamani, mai ɗauke da sunan shahararren makaɗin nan na ƙasar Adar, ba da jimawa ba kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai. Mawaƙa irin su Sa'adu Bori na Maraɗi a wannan yanayi suka yi fice. Ana iya sukar waɗannan gasanni, domin hukuma ce ke zaɓen jigo a lokuta da dama, kuma waƙar wayar da kai takan rinjayi waƙar da ta fito daga zuci. Duk da haka, ƙungiyar da za ta hau dandamali takan yi makonni tana maimaici a gidan matasa, a gaban malamin lakwal da tsohon makaɗi da ƴan kallo masu baki. Wanda ya faɗi ya san ya faɗi, sau da yawa ya san a ina.

Akwai wani ɗan zamani kuma da ya kamata a tuna, tsakanin kaset da intanet, wato zamanin katin waya. A ƙarshen shekarun 2000 waƙa tana yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth, a tashar mota da fadar shayi da rumfar masu caji. Mdou Moctar, ɗan Abzinawan jihar Tawa, ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a Sakkwato a 2008, a irin situdiyon da ke yi wa finafinan Hausa waƙa, da na'urar gyaran murya da gangar kwamfuta. Ba a sayar da shi a kanti ba. Wayoyi ne suka ɗauke shi har Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya daga cikin waƙoƙin ya saka ta cikin tarin da ya fitar a 2011 na waƙoƙin wayoyin Sahara, sa'an nan ya shiga neman mai ita. Ana yawan ba da wannan labari a matsayin sa'a. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙanƙantar katin. Wurin ajiya kaɗan ne, wanda zai karɓi sabuwar waƙa sau da yawa sai ya goge wata. Ke nan duk waƙar da ta tsallaka daga Abalak zuwa Kidal ta ci jarrabawa a hannun mutane masu yawa, kowanensu ya zaɓe ta a kan wata. Hukunci ne marar bayani, amma ba a ba da shi kyauta.

Yabon intanet kuwa kyauta ne, kuma a nan matsalar take. Danna alamar so ba ya cin sisi, ba ya cin minti, ba ya ma bukatar a kai ƙarshen waƙar. Su kansu kamfanonin ba su gina dandalinsu don gyaran mawaƙi ba. Abin da suke ƙirgawa shi ne tsawon zaman mutum a kan waya. Tun a ƙarshen 2021 YouTube ta ɓoye wa jama'a adadin waɗanda suka danna rashin so. A TikTok, abin da ke tashi shi ne ƴan daƙiƙoƙin da suka dace da rawa, don haka yaro yakan koyi gina layi biyu masu kama kunne ya bar sauran waƙar fanko. Lambar da yake gani a ƙarƙashin hotonsa tana gaya masa mutum nawa suka gifta. Ba ta gaya masa ko ɗiyan waƙarsa suna da alaƙa da gindinta ba.

Sai kuma abin da muka kawo daga gida. Waɗanda suka fara ganin waƙar sabon mawaƙi danginsa ne da abokan fadarsa da ƴan ajinsu, mutanen da za su haɗu da shi gobe wajen suna ko jana'iza. Bahaushe yana da kara, ba ya kushe ɗan'uwansa a bainar jama'a, kuma daidai ne. Gyara a wurinmu abu ne na keɓe, a ja mutum gefe a yi ƙasa da murya. Shafin Facebook kuwa tsakiyar kasuwa ne. Mai kara zai yi addu'a ya wuce, wanda ba ya da ita shi ke magana, kuma sau da yawa zagi yake yi. Tsakanin addu'a da zagi babu wurin zaman mai gyara. Bugu da ƙari, waƙar Hausa tana da tsohon ɗaki da ta tanadar wa maƙiyi da mahassadi, ɗakin habaici da zambo. Yaron da ya tashi yana jin manyan mawaƙa suna yi wa maƙiya gugar zana yakan ɗauka cewa samun mai suka alama ce ta ya iso. Maimakon ya koma ya duba layin da aka nuna masa, sai ya shiga situdiyo ya yi sabuwar waƙa a kan mahassada. Mai situdiyo kuwa a kan kowace waƙa ake biyansa. Ba shi ne zai ce a koma gida a ƙara shiri ba.

Wasu matasan da suka gane haka sukan nemi kunnen baƙo. Akwai kamfanoni a ƙasashen waje, irin su Groover na Faransa da SubmitHub, inda mawaƙi ke biyan ƴan kuɗi a saurari waƙarsa a rubuto masa amsa. Yuro 2 ya haura sefa 1300, kuma sai da katin banki, abin da tela a Maraɗi ba lalle ya mallaka ba. Ban ce babu amfani ba. Baƙon kunne yana iya cewa ganga ta yi ƙara, gabatarwa ta yi tsawo, murya ta nutse a minti na biyu, kuma duk gaskiya ne. Amma mutumin da ba ya jin Hausa rabin waƙar yake ji. Yana kuma da nasa abin da yake nema daga Sahel, galibi jita da amon hamada, har ya kan sa yaro ya bar abin da ya iya ya koma kwaikwayon abin da ake saye.

Rabin da baƙo ba ya ji shi ne wanda ya shafe mu. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, rubutunmu na yau da kullum kuma ba ya nuna ko ɗaya. Wuya ta jiki tana farawa sama ta sauka, wuya ta wahala tana farawa ƙasa ta hau. Kuka na hawaye da kuka ta miya karin gaɓar ƙarshe ne ya raba su. Gari na mutane da gari na tuwo tsawon wasalin farko ne kawai bambancinsu. Makaɗan baka ba su karanta wannan a littafi ba, amma karin waƙarsu yakan bi karin maganar, kuma ma'aunin layinsu a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake tafiya. Sukan karya ƙa'idar wani lokaci, sai dai suna yi ne inda ma'anar jimla za ta ceci kalmar. Sabon mawaƙi na yau sau da yawa kiɗan ake fara ba shi, wanda aka riga aka haɗa a kwamfuta, wani lokaci a kan karin wata waƙar Indiya ko ta Legas, sa'an nan ya cusa kalmomi a ciki. Na'urar Auto-Tune, da ta fito a 1997, tana jan muryarsa zuwa sautin da fiyano ke so, ba ruwanta da abin da kalmar ke nufi.

Raunin waƙar ɗalibina ke nan. A gindinta yana kukan wahalar rabuwa, kalmar wuya ta faɗo a ƙarshen layi, kiɗan kuma a nan yake sauka. Sau takwas gindin ke dawowa, sau takwas yana ambaton wuyan da ake rataya sarƙa. Cikin masu addu'a arba'in ɗin nan na tabbata akwai waɗanda kunnensu ya ji wani abu bai zauna ba. Ba su da sunan da za su kira shi da shi, ba a kuma yi musu tambayar da za ta fito da shi ba.

A ganina maganin yana cikin tambayar. Wanda ya ce "ya kuka ji waƙata?" ya riga ya roƙi yabo, kuma za a ba shi. Mai neman gyara sai ya ba mai sauraro aiki, kamar yadda jagora ke ba ƴan amshi. Mu malamai mun san shifta: a tura wa mutum sautin kaɗai, babu hoto, babu rubutun baitoci, a ce ya rubuto abin da ya ji. Duk inda mutum uku suka rubuta abu uku, a nan kalmar ta mutu, ko kiɗa ya danne ta ko karin ya juya ta. Wannan ya fi kowane sharhi kaifi, kuma ba ya sa kowa jin kunya, domin ba a tambayi ra'ayinsa ba. Haka nan a tambayi mutum a daidai wane wuri hankalinsa ya tafi wani waje. Zai iya cewa minti ɗaya da rabi ba tare da ya ji ya ci mutuncin kowa ba. Idan akwai shakka tsakanin kari biyu, a rera duka biyun a waya, da murya tsura da tafi, a ce a zaɓi ɗaya. Mai kara ba zai ce waƙarka ba ta da daɗi ba, amma zai ce ta biyun ta fi. Gwajin da na fi yarda da shi kuwa tsoho ne: a bar ƙanne da yaran gida su ji waƙar yau, gobe a saurara ko akwai mai rera gindinta yana wanke-wanke.

Duk wannan kafin a kai kuɗi situdiyo ya kamata a yi shi. Bayan an biya, an ɗauki hoto, an saki waƙa, mai tambaya ba shawara yake nema ba, kwanciyar rai yake nema, kuma zalunci ne kaɗan a hana shi.

Intanet tana da amfani a nan idan an ƙuntata ta. Zauren WhatsApp na mutum shida ko bakwai, waɗanda ba dangi ba, wasu a Tasawa wasu a Ƙonni wasu a Katsina, da sharaɗin cewa wanda bai saurari na wasu ya yi magana ba ba za a saurari nasa ba, ya fi mabiya dubu. Saƙon murya ya fi rubutu dacewa da wannan aiki, domin mai gyara yana iya rera layin yadda yake ganin ya kamata, kuma taushin muryarsa yana rage zafin maganar. Idan aka sami tsohon ɗan amshi ko zabiya aka saka a ciki, ko da jikansu ne zai riƙa danna musu wayar, an haɗa abin da zamani ya raba. Irin waɗannan mutane suna nan a kowane gari, da yawansu ba su da aiki tun da fiyano ya karɓe bukukuwa, kuma ba wanda ke tambayarsu kome. Ƙungiyoyinmu na al'adu sun iya shirya bikin karrama mawaƙi bayan ya mutu. Zaman sauraro na wata-wata a gidan matasa, inda yaro zai kawo waƙar da bai gama ba, bai kai wannan tsada ba. Kayan aikin ma akwai su: littafin Sa'idu Muhammad Gusau, Jagoran Nazarin Waƙar Baka, ya tanadi kalmomin da ake bukata don a yi maganar gindi da ɗiya da salo da jigo da Hausa, amma mun bar su a ɗakin jarrabawa, muna auna Narambaɗa da su, ba mu taɓa auna waƙar yaron da ke zaune a bencin baya ba.

Bayan kwana uku na je shagon ɗalibina da kaina. Na tarar da shi yana kan keke, na bari ya gama kafaɗar rigar da ke hannunsa. Na ce masa amsar da na aiko ba ita ce amsata ba. Ban yi masa bayanin karin sauti ba. Na ce ya faɗi layin da baki kamar yana gaya wa mahaifiyarsa, sa'an nan ya rera shi. Ya faɗa, ya rera, ya sake faɗa. A karo na uku ya tsaya a tsakiyar kalmar, ya dube ni, ya ce: "Mushe, ai wuyan rago nake ta kira." Yaron shagonsa ya fashe da dariya, shi bai yi ba. Ya yi shiru yana lissafi, na san kuɗin situdiyo yake tunawa. Daga baya ya tambaye ni ko a sauya kalmar ko a sauya kiɗan. Na ce wannan kuma ba fannina ba ne, amma na san wani tsoho a unguwarmu da ya yi shekara ashirin yana amshi, yanzu yana sayar da goro a ƙofar masallaci. Muka sa ranar Juma'a bayan an sauko.